Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Daga Ofishin Sakatare

Assalamu alaikum. Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan'uwa maza da mata, ga bayanin abin da Allah Ya nufe mu da yi a bana da kuma abin da ya gagara.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, in ban da na Agusta da aka ɗage saboda tafiye-tafiye.

Aikin da ya fito da sunanmu a bana shi ne shiga tarukan tunawa da yaƙin Biyetnam, bisa gayyatar maƙwabtanmu 'yan asalin Biyetnam da ke nan Amurka, waɗanda muke karɓa-karɓar zauren taro ɗaya da su. Ranar Asabar 29 ga Maris, da azumi a bakinmu ana jajibirin Ƙaramar Salla, tawagarmu ta bi su zuwa bangon tunawa da ke Washington. Tun 2017 doka ta keɓe wannan rana don karrama tsofaffin sojojin Amurka da suka yi yaƙin, domin a irinta ce a 1973 rukunin ƙarshe na mayaƙan Amurka ya bar Biyetnam ta Kudu. Bangon na baƙin dutse ne mai sheƙi, an buɗe shi a 1982, an kuma sassaƙa masa sunayen sojojin Amurka sama da 58,000, ba bisa muƙami ba, sai bisa ranar da kowa ya faɗi. Mun ga wata dattijuwa ta ɗora farar takarda a kan wani suna tana goga fensir a hankali har haruffan suka fito, ta naɗe ta sa a jaka, ba ta ce wa kowa uffan ba. Yaranmu da suka yi ta surutu a mota, a nan bakinsu ya mutu.

Ranar 30 ga Afrilu kuma aka cika shekara 50 cif da faɗuwar Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, ranar da maƙwabtan namu suke kira Baƙin Afrilu. Zauren ya cika maƙil da tutarsu ta da, rawaya mai jajayen layuka uku, irin wadda za ku gani tana kaɗawa a kasuwarsu ta Eden Center a garin Falls Church da ke jihar Virginia. Tsofaffin sojojin Kudu, waɗanda sunayen abokansu ba sa jikin wancan bango, sun shigo cikin kakin da suka adana, aka zaunar da su kusa da takwarorinsu Amurkawa. An ba da tarihin mutum kusan 125,000 da aka kwaso zuwa Amurka a 1975, da na ɗimbin da suka biyo baya cikin ƙananan jiragen ruwa, wasu teku ta cinye su, wasu 'yan fashi suka tare su, har aka kai ga dokar 'yan gudun hijira ta 1980 a zamanin Shugaba Carter. Shugabanmu ya yi gajeren jawabi, ya ambata cewa a Nijeriya ma ranar 15 ga Janairu ake tunawa da mazan jiya. Iyayenmu mata sun kai waina da miyar taushe da zoɓo, kuma ko ɗigo bai dawo gida ba. Allah Ya saka musu da alheri, domin daga aljihunsu suka yi cefanen.

Dole in faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci: fuskokin da suka je Washington su ne suka je zauren, su ne kuma suka share shi bayan an watse. Na san ranar Laraba ce, ranar aiki, amma masu masaukinmu ma ma'aikata ne.

Game da makarantar koya wa yara Hausa, wadda ake yawan tare ni da tambayarta, ba sakaci ne ya tsayar da ita ba. Malama ta amince, an samo littattafai, amma mai zauren ba ya karɓar alkawari a madadin kuɗin haya. Haka asusun jana'iza yake nan inda muka bar shi bara, saboda waɗanda suka kammala biyan kuɗin wata-wata ba su kai rabin sunayen da ke rajista ba. Ni da ma'aji mun aika saƙo a WhatsApp, mun buga waya, har gida mun bi wasu, amsar dai ita ce a yi haƙuri sai ƙarshen wata. Mu ma ba albashi ake biyanmu ba, kuma ba daɗi ne da mutum ya zama wanda ake kauce wa a ƙofar masallaci ranar Juma'a ba.

Kwamiti ya yanke shawarar cewa duk mai bashin da ya haura wata shida ya biya kafin taron Janairu, ko ya zo ya yi wa ma'aji bayani a asirce idan hali ne ya hana. Wanda bai yi ko ɗaya ba, ba zai kaɗa ƙuri'a a zaɓen sababbin shugabanni ba. Kujerar sakatare na cikin waɗanda za a cike.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya