Wasiƙa kan garin da ake cuɗa wa irin waken suya

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan iyali lafiya, damina kuma ta sauka da albarka. Na ga tambayarka kan baƙin garin nan da ake shafa wa irin waken suya, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ke yi da sunan Nodumax.

Abin da zan fi ja maka kunne a kai shi ne, garin nan mai rai ne. Ƙwayoyin bakteriya ne da ake kira Bradyrhizobium. Suna shiga saiwar waken su yi 'yan ƙululu, a ciki suke kamo naitirojin daga iska su ciyar da shuka, wato aikin da za ka sayi yuriya dominsa. To abu mai rai zafi na kashe shi. Ƙunshin da ya wuni a rana a teburin kasuwa, ko wanda wa'adinsa ya wuce, asarar kuɗi ne. Ka ajiye naka a wuri mai sanyi, ko a gindin randa.

Gram 100 na isar iri kilo 10. Jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi, ka bari ya huce, ka yayyafa wa irin daidai yadda zai yi danshi. Kada ya jiƙe sharkaf, domin ɓawon waken suya ba ya jure ruwa, nan da nan zai saluɓe. Sai ka barbaɗa garin, ka juya a hankali har kowace ƙwaya ta yi baƙi. Baza a kan buhu a inuwa ya sha iska, ka shuka ranar a ƙasa mai laima, kana rufewa nan take. Kada ka cuɗa abin da ba za ka iya shukawa a ranar ba.

Takin supa dole ne, don ƙululun ba sa kankama in babu fosfaras, amma kada ya taɓa irin. Yuriya kuwa in ta yi yawa, sai waken ya daina yin ƙululu.

In shuka ta kusa fure, haƙo gindi biyu ko uku da ƙasarsu, kada ka fizge. Wanke saiwar, ka tsaga ƙululu da farce. In cikinsa ja-ja ne kamar nama, yana aiki. In fari ne ko kore, babu abin da yake ba shukar. Don Allah ka bar kunya biyu da ba a shafa wa garin ba, ka kwatanta da idonka, ka rubuto min abin da ka gani.

Ka gaida Baba da yara.

Naka,
amininka