Wasiƙa daga Landan: mun yi baƙuwa mai ja a haƙarƙari

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya. Na san ina da laifi, tun bayan babbar sallah ban zauna na rubuto maka abin kirki ba sai gaisuwar tsaye a WhatsApp, to yau na samu hutu kuma akwai labari, amma dan Allah kar ka karanta shi a majalisa dan na san sai an shekara ana min tsiya.

Kulɓa nake kiwo. Eh, kulɓa, wadda muke jifa da dutse a bayan ajinmu na firamare, ita ce yanzu take da ɗaki na gilashi a falona har da fitila biyu da na'urar auna zafi.

Yadda abin ya faru, wani maƙwabcina bature ne ya samu aiki a wata ƙasa, ya rasa inda zai kai ta, auta kuma dama kullum tana gidansu wajen kallonta, shi kenan yarinya ta sa ni gaba da kuka kwana uku, uwarta na cewa wallahi ba a gidanta ba, ni kuma ina tsakiya kamar ƙadangaren bakin tulu. Daga ƙarshe dai ka san wanda ya ci. Ya kawo ta da akwatinta da kayanta duka kyauta, ya zauna ya yi min bayani kusan awa guda kamar mai ba da amanar marainiya, har idonsa ya kawo ruwa.

Ba irin tamu ta Zariya ba ce sak, ko da yake dangi ne. Wannan ta kurmi ce, ta fi kauri, tsawonta daga baki zuwa wutsiya ya haura santimita 30, an ce suna kaiwa 37. Gadon bayanta ruwan tagulla, yana sheƙi kamar an shafa mai, gefenta kuma ja ne zur da ratsin baƙi da ɗigo-ɗigon fari, maƙogwaron baƙi da fari kamar saƙi. Saboda jan nan turawa ke ce mata kulɓar wuta, yara kuma suka sa mata Garwashi. Ko mace ce ko namiji shi kansa mai ita bai tantance ba, dan suna da wuyar bambancewa, mu dai tunda bakinmu ya saba da kulɓa mace ce sai muka bar ta a haka.

Abin da ya ba ni dariya da na bincika asalinta, ashe 'yar gida ce. A dazukan Afirka ta Yamma take, Gini, Ghana, Togo, kudancin Najeriya, Kamaru. Sunanta na boko Mochlus fernandi, daga tsibirin Fernando Po aka samo shi, wanda yanzu ake kira Bioko, inda birnin Malabo yake, can inda 'yan Najeriya suka riƙa zuwa ƙwadago a gonakin koko zamanin da. Wani bature Burton ne ya fara rubuta bayaninta a 1836. Kuma yawancin waɗanda ake sayarwa a shagunan nan ba a nan aka ƙyanƙyashe su ba, kamo su ake yi a daji irin su Togo da Ghana a yo lodinsu a jirgi. Na ce mata to sannu 'yar uwa, ni da biza na zo ke a kwali, amma sanyin da ke dukanmu ɗaya ne.

Sanyin kuwa shi ne duk aikin. Akwatin tsawonsa santimita 90, gefe ɗaya akwai ƙwan fitila mai zafi a kan wani falalen dutse, wurin sai ya kai digiri 32 zuwa 35, nan take shan hantsinta, ɗaya gefen kuma a bar shi wajen 25 dan in zafi ya ishe ta ta samu wurin gudu. Akwai wata doguwar fitila daban mai ba da irin hasken rana da jikinsu ke buƙata kafin ya iya amfani da sinadarin kalsiyam, in babu shi ƙashinsu laushi yake yi har muƙamuƙi ya lanƙwashe. Duka na haɗa su da agogon soket, awa 12 a kunne awa 12 a kashe. Ka ga ƙasar da babu rana har dabba sai an saya mata. Maman yara duk wata in takardar kuɗin wuta ta zo sai ta ajiye min a kan akwatin ba ta ce komai.

Satin farko na ɗauka ta mutu. Ƙasan akwatin an zuba ƙasa haɗe da ɓawon kwakwa da busassun ganye, zurfin ya kai santimita 15, tunda muka shigo da ita ta nutse ciki kamar kifi a ruwa ba mu ƙara ganin ko wutsiyarta ba. Kwana shida! Auta ta zauna gaban gilashi ta yi tagumi, ni kuma hannuna na ƙaiƙayi in tona in gani, sai na tuna mutumin ya ja min kunne cewa kar a tone ta, in ka tone ta ka mayar da aikin baya, ɗabi'arta ce ɓuya, a daji ma ƙarƙashin ganye da ruɓaɓɓen icce take wuni. Ranar ta bakwai bayan na dawo daga asuba na zauna da shayi fitila ta kama, can sai na ga ƙasa tana motsi, kai ya leƙo, ƙasa a kan hancinta, ta tsaya ta fi minti biyar ba ta motsa ba sai harshe da take fitarwa, sannan ta ja jiki ta hau dutsen ta baje cikinta ta miƙe ƙafafun baya kamar wanda ya dawo daga gona. Ko kofin ban iya ajiyewa ba dan kar ƙararsa ta kore ta, shayin a hannuna ya huce.

Abinci kuwa, nan ne za ka yi dariyar. Gyare take ci, da fara, da tana, da wani irin kyankyaso da ake kiwo musamman, kuma saye nake yi da fam na Ingila, a ɗan roba, ana kawowa ta gidan waya. Mu da muke cika buhu da fara a gonar Baba kyauta. Sau biyu ko uku a sati ake ba ta, kuma kafin a ba ta sai an ciyar da su gyaren kansu da karas da ganye, sannan a zuba su a leda da garin kalsiyam a girgiza su fito fari fat kamar sun faɗa buhun fulawa. Duk nawarta in ta ga gyare ya gilma sai dai ka ji ƙas, ta riga ta kama. Kyankyason dai Maman yara ta ce ko ita ko shi, an daina. Wani dare murfin robar bai rufu ba gyare kusan goma suka watse, ɗaya ya shige bayan firij ya yi sati yana kuka, wallahi in na rufe ido sai in ji kamar a tsakar gidanmu nake da damina.

Inda na yi kuskure shi ne laima. Ita tana son iskar akwatin ta kasance da danshi kashi 60 zuwa 70, to da sanyi ya shigo muka kunna hita sai iskar gidan ta bushe ƙayau kamar hunturun Kano, ni ban lura da ma'aunin ba. Lokacin saɓarta ya zo, su ba kamar maciji suke tuɓewa gaba ɗaya ba, ɓare-ɓare take fita, sai wata ta maƙale a yatsun ƙafarta biyu ta zama kamar zobe, in aka bari tana ɗaure yatsan jini ya daina zuwa har ya guntule. Na sa ta a roba da ruwa mai ɗumi kaɗan iya ƙafa, minti goma sha biyar, na riƙa murzawa da audugar kunne a hankali, ina yi gabana na faɗuwa dan in ta tsorata tana iya yar da wutsiya, kuma wadda za ta sake fitowa ba ta kai ta farko kyau. Alhamdulillahi ta fita. Yanzu safe da yamma ina feshi da ruwa, ƙasar ta zama in ka dunƙula ta haɗu amma ba ta ɗiga ba.

Na kai ta wajen likitan dabbobi ma, da kashinta a ɗan kwalba, saboda waɗanda aka kamo a daji sukan zo da tsutsar ciki. An samu, an ba da magani. Kuɗin kam ba zan faɗa maka ba. A nan akwai doka tun 2006 da ta ɗora wa mai dabba nauyin cinta da muhallinta da lafiyarta, amma ni ba dokar ce ta fi tsaya min a rai ba, Maman yara ce, wadda ta fi kowa ƙin ta, ranar da na yi kasalar canza ruwa ta tuna min hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Surukata kuma da aka nuna mata a bidiyo cewa ta yi tsaka ce a kashe, sai da na yi ta rantsuwa cewa ba dafi gare ta ba kuma ba tsaka ba ce. Sharaɗin gidan dai duk wanda ya taɓa ta ko akwatinta sai ya wanke hannu da sabulu, dan irin waɗannan dabbobi suna ɗauke da ƙwayar cutar gudawa.

An ce suna shekara 15 har 20, ka lissafa, auta za ta iya yin aure ta bar ni da kulɓa.

Dan Allah in ka ga irin tamu a gindin rijiya ko bayan ɗakin girki ka ɗauko min hoto, musamman mai jan gefen nan, auta ba ta yarda cewa a gidan kakanta suna yawo kyauta ba. Ka gaida Hajiya da amarya da yara, ka gaida 'yan majalisa amma ka riƙe bakinka.

Naka,
mai kiwon Garwashi