Godiya ga mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Tawa

Assalamu alaikum.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ga maigidan wani shagon gyaran rediyo da ampili (na'urar ƙara sauti) da ke kusa da babbar kasuwar Tawa, shi da yaransa biyu. Ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, na kuwa bi maganarsa. Mutanen unguwa sun san rumfar da tsofaffin lasifiku ke jibge a ƙofarta.

Malam, kun tuna ranar da ɗana ya shigo muku da tsohon ampili a kafaɗa. Na masallacin unguwarmu ne, da aka sayi sabo liman ya ba shi. Tun ranar da mushensu na fizik ya ba su labarin Nikola Tesla, wanda ya ƙirƙiro naɗin wayar nan mai fitar da tartsatsi a Amurka a 1891, yaron nan ba shi da wata magana sai ita. Dare huɗu ya yi yana naɗa siririyar wayar tagulla a jikin tiyo na roba, zagaye wajen 900, da hannunsa. Nufinsa ya jona ta a bakin da ake jona lasifika, ya murɗa ƙara har ƙarshe, ya ga wuta ta fito.

Abin da ya kawo shi wurinku bai taka kara ya karya ba: ku gyara ampilin, ku karɓi kuɗinku. Da kun yi haka, babu mai ganin laifinku. Sai kuka tambaye shi me zai yi da shi, da ya faɗa kuka ce ba za ku gyara ba sai ya zo da babansa. Ya dawo gida ransa a ɓace. Wannan ƙin da kuka yi shi ne babban abin da nake gode muku a kansa.

Washegari muka zo tare, kuka shimfiɗa mana tabarma, kuka ajiye aikin da ke hannunku. Ni ɗan kasuwa ne, amma bayanin ya shige ni. Kun ce ampili an ƙera shi ne domin sautin da kunne ke ji, girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, shi kuwa naɗi irin na yaron ba ya amsawa sai girgizar ta kai dubu ɗari da wani abu ko fiye. Kuka kawo misalin lilo: in aka tura shi a kan lokacinsa, turi kaɗan ya isa ya yi sama, in aka saɓa lokacin ko ƙato ne ya tura wahalar banza ce. Kuka ƙara da cewa ampili ya saba da nauyin lasifika, om 4 ko 8, in aka ɗora masa 'yar waya mai zagaye huɗu, wadda ake naɗawa a gindin babban naɗin don ta tura shi, kamar an haɗa bakinsa biyu ne, transistocinsa za su ƙone kafin a ga ko ƙyallin wuta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da kuka buɗe murfin. Ampilin a kashe yake, an zare shi daga kuran, yaron ya miƙa hannu kuka riƙe shi. Kuka ɗora mita a kan manyan kondansate biyun nan, allura ta tashi. "Ɗana, ka gani? Wannan yana ajiye wuta bayan an kashe. Ba a taɓa shi sai an sauke masa kaya." Kuka nuna masa yadda ake saukewa, kuka sa ya maimaita sau uku.

Daga nan kuka fiɗe ampilin tare da shi. Kuka cire transfon da ke sauke volt 220 na NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, zuwa ƙarami, da kondansatocin, da faifan alminiyon nan mai shan zafi. Sauran kuka ajiye gefe. Da waɗannan da transisto guda kuka haɗa ƙaramar da'ira wadda ke sauraren gindin naɗin, tana tura shi a kan lokacinsa da kanta. Kun sa fiyus. Yaron ne ya yi darmar da hannunsa, ku kuna tsaye a kansa, in ta yi muni ku ce ya sake.

Yammaci uku aka yi. A na uku, bayan sallar magariba, kuka sa aka janye ƙofar shagon, aka kwashe wayoyin salula aka kai waje. Wani ɗan tartsatsi mai ruwan shuni, bai fi farce tsawo ba, ya tsaya a kan tsinin wayar yana huci. Kuka ba yaron doguwar fitilar neyon, ya kusanto da ita, ta kama a hannunsa babu waya ko ɗaya a jikinta. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Rediyon maƙwabcinku mai shayi ya riƙa shuu, kuka kashe, kuka je da kanku kuka ba shi haƙuri.

Sharuɗɗan da kuka gindaya masa ya rubuta su ya manna a bangon ɗakinsa: kada ya sa yatsa a tartsatsin domin ƙunarsa ciki take shiga, kada ya kunna kusa da mai na'urar bugun zuciya, kada ya kunna shi kaɗai. Kuma kun rantsar da shi a gabana cewa ba zai taɓa transfon murhun maikurowef ba, wanda ke ba da volt wajen 2,000 kuma yake kisa nan take, ko da abokai sun ce ya fi ba da wuta.

Da na tambayi kuɗin aiki, na transisto da darma kawai kuka karɓa. Na matsa, kuka ce in saya wa yaron mita tasa. Na saya.

Kun nemi izinina ya riƙa zuwa shago ranar Asabar yana koyon gyara. Na amince, mahaifiyarsa ma ta amince, zai fara wannan Asabar ɗin in Allah ya kai mu. Duk mai tsohon ampili ko rediyo a Tawa da kewaye, ina shaida muku wannan shago.

Allah ya saka muku da alheri, Malam, ya yi wa zuriyarku albarka, ya ƙara buɗi a sana'a.

Naku,
Mahaifin yaron, Tawa