Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Kan Sauya Sito

Assalamu alaikum.

Wasunku sun zo a makon jiya sun tarar da rabin kantocinmu wayam, har magana ta fara yawo cewa rufewa za mu yi. Ba haka ba ne. Tashi muke yi zuwa wani sito, kuma ba da son ranmu ba.

Mai ginin ne ya aiko da takarda cewa ba zai sabunta mana haya ba, bayan shekara 12 da ba mu taɓa jinkirta masa kuɗinsa ko na yini ɗaya ba. Wanda bai taɓa kwashe sito ba zai ɗauka mota kawai ake kira. Ina! Kowane kwalin tayil sai an biya lebura ya ɗora, a sake biya a sauke. Mai mota yana lissafa man zuwa da na dawowa, tunda fanko yake komowa, in lodi ya ja lokaci kuma ya ƙara kuɗin jira. Kantocin ƙarfe sai an kwance su an je an sake ɗaurawa, kafin nan kaya na zube a ƙasa, a sake ɗaga su karo na uku. Ga haya biyu a wuyanmu lokaci guda, don ba a sakin tsohon wuri sai an share shi tas.

Ranar Talata ina tsaye ana sauke mota igiya ta saki, kwalayen tayil suka zubo suka zama tsakuwa a gaban idona. A ranar na gane inshorar da muke biya ta kayan da ke cikin gini ce kawai, wanda ke kan hanya sai an yi masa tasa daban.

Akwai kayan da kuɗin ɗaukarsu ya fi ribarsu, masu nauyi da suka daɗe ba su fita ba. Irin waɗannan muna so mu sallamar da su kafin mu gama tashi. Sauran kuma muna kan lissafi. Farashin wasu zai iya ɗan motsawa, kai kaya ma zai iya yin jinkiri na ɗan lokaci, amma muna yin iya ƙoƙarinmu kada nauyin ya faɗo kanku.

Ba zan ɓoye ba, ya yi mini ciwo da na ji wasu da muka yi shekaru muna ba su kaya bashi sun koma wani wuri ko waya babu. Ban riƙe kowa ba, kasuwa ce. Amma da an tambaye mu, da mun yi bayani.

Godiya ta musamman ga dattijon maginin nan da yake sayen fenti a wurinmu tun ina yaron shago a hannun marigayi mahaifinmu, wanda ya zo ya wuni yana taya mu ƙirga kaya. Haka Hajiyar da ta aiko da motarta sau biyu ta ƙi karɓar ko kuɗin mai. Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci.

Duk mai odar da bai karɓa ba, don Allah ya kira mu kafin ya turo mota, mu faɗa masa a wane sito kayansa suke.

Naku,
Manaja, a madadin dukkan ma'aikata