Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Gidan Adana Takardun Tarihi na Lancashire da ke Preston

Zuwa ga shugaba da dukan ma'aikata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu wasu Hausawa ne mazauna arewacin Ingila da ke taimaka wa iyalai binciken asalinsu, musamman gidajen da uba ya fito daga Kano ko Zariya ko Damagaram, uwa kuma 'yar Preston ce ko Blackburn ko Burnley. Ta wajen uba akwai tsofaffi a gida da za su jero kakanni da ka. Ta wajen uwa kuwa, da an wuce kaka sai labari ya yanke, abin da ya rage bai wuce a ce "masaƙiya ce a kamfanin auduga" ba. Mun rubuta wannan wasiƙa da Hausa, a fili, don 'yan'uwanmu su san aikin da kuke yi a ofishinku na titin Bow Lane, kuma yabon gwani ya zama dole.

Attajiri yana barin wasiyya da takardar fili da dutse a kan kabari. Macen da ta tashi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ta shiga masaƙa tun tana ƙarama, ta mutu aka sa ta a kabarin haɗaka, ba ta bar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya rage nata layuka ne 'yan kaɗan da limamin coci da malamin ƙidaya da jami'in kula da matalauta suka rubuta. Tun 1940 da aka kafa wannan ofis kuke tattara waɗannan layuka, kuna gyara takardun da danshi ya ci, kuna jera su yadda za a same su. Amma babbar godiyarmu a kan shawarar da ake samu a teburin tambaya ce, domin ita ke hana mutum ɗaukar matar wani ya mai da ita kakarsa.

Abin da kuke fara faɗa wa mai bincike shi ne ya soma daga wanda ya sani ya koma baya, kada ya tsallake ko tsara ɗaya. Matsalar mace ita ce sunan gidansu yana ɓacewa ranar aure. Mabuɗin yana cikin takardar haihuwar ɗanta. Daga 1 ga Yuli 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales, kuma takardar haihuwa tana ɗauke da sunan da uwa take amfani da shi kafin aure. Kukan bayyana tun da wuri cewa ba ku ke ba da waɗannan takardu ba, daga babban ofishin rajista da ke Southport ake odarsu, ko daga ofishin rajista na yankin. Kukan kuma nuna cewa jerin sunayen da ke shafin intanet na babban ofishin yana bayyana sunan gidan uwa kyauta, saboda haka ba sai an sayi takardu biyar a kan yara biyar masu suna iri ɗaya ba. Sai gargaɗin da ke biye: kafin 1875 ba a ɗora wa iyaye alhakin kai rahoton haihuwa ba, don haka wasu yaran ba su shiga rajista ba sam. Rashin ganin suna ba ya nufin ba a haifi mutumin a garin ba.

Da sunan gida a hannu sai a nemi aure. Takardar aure ta bayan 1837 tana ba da sunan mahaifin amarya da sana'arsa, da adireshinta, da shaidu biyu. Sunan uwa bai samu gurbi a wannan takarda ba sai a 2021, abin da ya isa ya nuna yadda mata ke zamewa daga rubutu. A gurbin shekaru sau da yawa ana rubuta cewa ta cika shekarun balaga kawai, ma'ana 21 ko sama, kuma wasu 'yan mata sun faɗi haka ne don kauce wa neman izinin uba. Ma'aikatanku kan ce a dubi ƙasan shafin sosai. Inda amarya ba ta iya rubutu ba, za a ga gicciye ɗan ƙarami, wani lokaci a karkace, tawada ta ɗan yi yawa a gefe guda, limami ya rubuta sunanta a kewaye da shi. Wannan alama kan zama ita kaɗai ce abin da hannunta ya bari a duniya. A ƙarƙashinta akwai shaidu, kuma mace mai shaida sau da yawa yayar amarya ce ko ƙanwarta. Idan akwai mata uku masu suna ɗaya a gari ɗaya, sunan wannan mai shaidar ne ke raba gardama.

A kan ƙidayar jama'a kun fi ba mu haƙurinku, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Ƙidayar 1841, wadda aka yi a daren 6 ga Yuni, ita ce ta farko da ta kawo sunan kowa a ko'ina. An rubuta mafi yawanta da fensir, ya dushe. Ba ta faɗin dangantakar mutanen gida, ba ta faɗin garin haihuwa, sai dai ko a cikin lardin aka haifi mutum ko a'a, ko kuma a Scotland ko Ireland ko ƙasar waje. An kuma umarci malaman ƙidaya su rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa biyar ɗin da ke ƙasa. Mace mai shekara 29 sai ta fito da 25. Wanda bai san wannan ba zai je yana neman baftismarta (wankan shiga addinin Kirista da ake rubutawa a littafin coci) a 1816, alhali tana can a 1812. Ta 1851, a daren 30 ga Maris, ita ce ta kawo matsayin mutum a gida, da aure ko rashinsa, da shekaru, da garin haihuwa. Daga nan sai a bi ta kowace shekara goma har 1921, kuma shawararku ita ce a rubuta su duka a takarda guda, layi bisa layi. A nan ake ganin mace mai shekara 38 a 1851 ta koma 46 a 1861. Wannan ba dalilin watsar da ita ba ne muddin sunayen yara da jerin haihuwarsu da garin asali sun yi daidai, domin mutane da yawa ba su san shekarar haihuwarsu ba, kuma mai gida ne ke ba da amsa a madadin kowa.

Gurbin sana'a ma yana yaudara. A wurare da yawa na Ingila an bar shi fanko ga matan aure ko da suna wankau ko ɗinki ko saukar baƙi 'yan haya. A garuruwan auduga na Lancashire an fi rubuta aikin mata, don za a ga mai saƙa, mai naɗin zare, mai aikin ɗakin shiɓa, da yarinya mai ƙulla zaren da ya tsinke. Kun nuna mana yadda ake karanta wannan tare da dokokin masana'antu: ta 1833 ta hana ɗaukar yaro ƙasa da shekara 9 a masaƙar auduga, ta 1844 ta kawo tsarin rabin yini a aiki rabi a makaranta, ta 1847 ta taƙaita aikin mata da matasa zuwa awa 10. Don haka yarinyar da aka rubuta 'yar makaranta tana iya yiwuwa ta riga ta fara shaƙar ƙurar auduga.

Ƙidayar 1911 tana da nauyi a zuciya. Takardar da mai gida ya cika da hannunsa ce ta tsira, kuma an tambayi kowace matar aure shekarun aurenta, da yawan 'ya'yan da ta haifa da rai, da masu rai, da waɗanda suka rasu. Idan ta ce tara, biyar na raye, mai bincike kuma bai taɓa ganin sunan huɗun ba, to an haife su sun mutu ne tsakanin ƙidaya da ƙidaya, sai a koma rajistar baftisma da ta binnewa a nemo su ɗaya bayan ɗaya. Ta 1921, wadda aka buɗe a 2022, tana faɗin sunan kamfanin da mace take wa aiki. Bayan ta akwai giɓi: ta 1931 ta ƙone a gobara a 1942, ta 1941 kuma ba a yi ta ba saboda Yaƙin Duniya na Biyu. Rajistar jama'a ta 29 ga Satumba 1939 ce ke cike wurin, kuma da yake an ci gaba da gyara ta shekaru da yawa, akan ga an soke sunan budurci an rubuta na aure a samansa.

Kafin 1837 sai littattafan coci, kuma su ne taskarku. Tun 1538 aka umarci kowace gundumar coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa. Daga 25 ga Maris 1754 aure ya koma littafi na musamman mai sa hannun ango da amarya da shaidu, daga 1813 kuma baftisma ta samu shafi bugagge mai gurbin mazauni da sana'ar uba, binnewa ta samu gurbin shekaru. Inda littafin asali ya lalace ko shafi ya ɓata, kukan tura mutum ga kwafin da ake aika wa bishop, babban limamin yanki, duk shekara, ku ce a gwada biyun don wani lokaci ɗaya yana da abin da ɗayan ya tsallake. Ranar baftisma ba ita ce ranar haihuwa ba. Akan yi wa yara uku na gida ɗaya rana guda, babbar cikinsu tana da shekara shida.

Lancashire tana da Katolika da yawa, ga 'yan Methodist, ga mutanen Ireland da yunwar da ta fara a 1845 ta koro. Tsakanin 1754 da 1837 dole ne Katolika su ɗaura aure a cocin Ingila kafin doka ta amince da shi, amma baftismar 'ya'yansu tana littafin cocinsu, da Latin. Can Ellen takan zama Helena, Margaret ta zama Margarita, kalmar olim kuma ita ke gabatar da sunan gidan uwa. A ƙidaya kuma Margaret ɗin ce za ta fito Peggy, Mary ta fito Polly, Ann ta fito Nancy. Wannan kaɗai ya sa ake ɓatar da mata da yawa a shafukan intanet, inda kuskuren mai kwafe suna ke ƙaruwa a kan na malamin ƙidaya. Shi ya sa kuke nacewa a kan ganin hoton shafin asali, ko da an samu sunan a jerin da masu aikin sa kai suka buga.

Sai wurin da ba kowa ke son leƙawa ba, wato takardun talauci, alhali nan ne ake jin muryar mace. A ƙarƙashin dokar 1662 kowane matalauci yana da gundumar da ke da alhakin ciyar da shi. Bazawara ko mai ciki marar miji da ta nemi taimako, alƙalai kan yi mata tambayoyi a kan inda aka haife ta, da inda ta yi aikatau na shekara guda, da wanda ta aura, a rubuta amsarta. Takardun mayar da irin waɗannan mata garinsu na asali suna cikin fayilolin kotun lardi da ke zama sau huɗu a shekara, kuma kun jera su a kundinku na intanet yadda za a nemo su da suna. Bayan sabuwar dokar matalauta ta 1834 sai littattafan gidajen gajiyayyu, irin na Fulwood a gefen Preston, da na asibitocin taɓin hankali kamar Whittingham da aka buɗe a 1873. Kukan faɗi gaskiya cewa ba duka suka tsira ba, kuma bayanan marasa lafiya a rufe suke har shekara 100. Kukan kuma tuna wa mai bincike ya dubi zamanin: rufe masaƙun Preston a rikicin albashi na 1853 zuwa 1854, da yankewar auduga daga 1861 zuwa 1865 lokacin yaƙin basasar Amurka. Iyalin da suka ɓace daga titinsu a waɗannan shekaru, a neme su a littafin agaji ko a wani garin masaƙu.

Ga 'yan'uwa da za su je: a nemi wurin zama tun kafin ranar, a tafi da shaidar suna da adireshi don katin mai bincike, a bar jaka da biro a akwatin ajiya, fensir kaɗai ke shiga. A rubuta lambar kowace takarda da aka duba, har wadda ba a samu komai a cikinta ba. A kuma tambaya tun farko ko takardun garin suna hannun wannan ofis, domin an sake iyakokin lardi a 1974, kuma takardu da yawa na Manchester da Liverpool suna ofisoshin waɗannan birane. Kafin a tashi, a roƙi babbar taswirar gari ta shekarun 1840 ko 1890, a bi titin da ƙidaya ta ambata da yatsa har lungun, a ga tazarar da ke tsakanin ƙofar gidan matar da ƙofar masaƙa.

Muna miƙa godiya ta musamman ga masu ɗauko akwatuna daga ma'aji, da masu gyaran takardu da ba a ganinsu, da masu aikin sa kai da ke kwafe sunaye. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa wannan ofis ɗaukaka.

Naku da girmamawa,
Wasu Hausawa masu binciken asali, mazauna arewacin Ingila