Marubutanmu, dan Allah ku ɗan leƙo daji

Assalamu alaikum Malam Edita, ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. A ɗan sam min fili in yi magana da marubutanmu na Hausa.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Baturiya, nan ƙasar Haɗeja. Watan jiya na shiga Kano na ce bari in leƙa wajen masu littattafai ko zan samo wa ɗalibaina sabon abu, wallahi na zagaya shago ya kai biyar, daga na soyayya da kishiya da uwar miji sai na addini sai na jarrabawa. Ba kushe na soyayya nake ba fa, ai su suka zaunar da matanmu da yawa a kan karatun boko tun shekarun 1980, uwargidana ma har gobe tana bin su a WhatsApp, kuɗin data ne dai ke jin jiki. Amma da na tambayi wani mai shago ko akwai littafin tsuntsaye ko na itatuwa da Hausa, sai ya kwashe da dariya ya ce malam wa zai saya?

To ni zan saya. Nan dausayin Haɗeja zuwa Nguru duk hunturu tsuntsaye na tasowa tun daga Turai su sauka, masu bincike su zo da abin hangen nesa su ƙirga su, su koma su rubuta da Turanci, mu da muke kwana da kukansu ko shafi ɗaya ba mu da shi. Ranar nan na tambayi 'yan aji shida wace bishiya ce ke zubar da ganye da damina ta yi kore shar da rani, aji ya yi tsit, alhali ga gawo nan a bakin filin ƙwallonsu, kuma kowane tsohon manomi ya san geron gindin gawo ya fi zangarniya. Tun da aka yi madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ruwan kogi ya canza tafiya, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsayen jan-baki suka samu wurin kwana suna cinye mana shinkafa. Yanzu fisabilillahi wannan bai isa labari ba?

Haka tarihi. Yaƙin Haɗeja da Turawa na 1906, tsofaffin da suka ji shi daga bakin kakanninsu suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Baba ta Karo, wata tsohuwar Bahaushiya, ko aji ɗaya ba ta shiga ba, amma da wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna ta rubuta rayuwarta aka buga a 1954 har yau ana karantawa. Mu kuwa bara muka binne wani tsohon masunci da ya san sunan kowane kifi da watan da yake ƙwai, ni kaina kullum cewa nake gobe zan je da biro da takarda, har Allah ya karɓi abinsa.

Roƙona Malam Edita, ku buɗe fili ko sau ɗaya a wata na sababbin littattafan Hausa, ku faɗi abin da ke ciki da kuɗinsa da inda ake samu. In an ga na daji ko na tarihi a sanar da mu, direban motar Haɗeja zai taho min da shi.

Naku,
Wani malamin firamare, ƙaramar hukumar Kirikasamma, Jigawa