A fito da yara su auna inuwa

Edita, assalamu alaikum.

Ni kafinta ne a Aboabo, Kumasi. Shekaranjiya 'yata mai shirin WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ta dawo ido jajur, wai lissafin kusurwoyi ya ƙi shiga kanta. SOHCAHTOA, wato haruffan tuna ƙa'idojin sin, cos da tan na wannan lissafi, kawai aka sa su haddace, karatun aku.

Washegari da hantsi muka kafa sanda mai mita 1 a tsakar gida. Da inuwarta ta kai mita 1 cif, rana tana digiri 45 ke nan, muka auna inuwar mangwaronmu: mita 7. Tsayinsa ke nan, ba wanda ya hau. Ta yi tsalle: "Baba, ashe shi ya sa tan 45 yake 1!" Tan a nan shi ne tsayin abu a raba da tsawon inuwarsa.

Malamai, don Allah ku riƙa fita da su waje. Tef ɗin awo ni zan ara muku.

Wani kafinta, Aboabo.